Muryar Haya

Na jingina katifa biyu da bangon ɗakina a Palladan,
na toshe taga da bargon Inna.
Situdiyon ke nan.

Jirgin ɗalibai na shawagi bisa rufinmu,
in haɗiye kalma, in jira.
Yana wucewa zakaran maƙwabta ya karɓa.
Sai biyun dare garin ke ara mini shiru.

Sau goma sha bakwai na ce "garaɓasa"
kafin mai kamfani ya ji murmushi a ciki.

Jiya a kasuwar Sabon Gari
na tarar da muryata a lasifika tana tallan taki.
Na tsaya, na kasa kunne.
Mai shago ya ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba,
matsa gefe, ka tare mana murya."