Darasi a Bayan Bene

Shekara ashirin da biyu ina tsintar bola a Pune,
mai gadin benen nan bai taɓa barin ko inuwata
ta tsallaka ƙofa ba.
Yau shi ya buɗe, har da ɗan rusunawa:
"Hirabai, ke ake jira."

Doka ce ta shigo da ni, ba ƙauna ba.
Takarda ta zo daga hukumar birni, da hatimi:
jiƙaƙƙiyar shara ta ruɓe a inda aka haife ta.
Wanda ya bi, a rage masa haraji.
Wanda ya ƙi, tara.

Ga su bisa kujerun roba,
likita, lauya, tsohon injiniyan jirgin ƙasa
da littafinsa a cinya,
sai Misis Gokhale ta hawa na huɗu,
ta toshe hanci da gefen sari.

Na ce musu ramin nan ciki ne irin naku.
A ba shi ɗanye, a ba shi busasshe:
ɓawon albasa, dusar shayi,
furen da aka sauke jiya daga ɗakin ibada,
a bi da busasshen ganye, tafi biyu.
In ya yi wari kada ku zage shi,
numfashi ya rasa.
A juya shi.

Omkar, yaron hukuma, ya soka ma'aunin zafi
mai tsawon kamu guda, yana jiran allura.
Ni na cusa hannu, na zare da sauri.
"Bai kai sittin ba, sai jibi."
Allura ta tsaya a hamsin da takwas.
Ya rubuta lambar a fam.
Babu gurbin da za a rubuta hannuna.

Abin da ya ƙi ruɓewa shi ke tona asiri:
'yar takardar roba da ake manna wa tuffa,
ledar madara, batirin agogo,
ƙananan cokula, bakwai na tsinta a wata ɗaya.
Bokiti ba ya ƙarya.
Na san gidan da aka yi baƙi,
na san wanda likita ya hana zaƙi,
na san ƙofar da kullum dare
shinkafar mutum ɗaya ke fitowa ba a taɓa ta ba,
don matar gidan har yanzu
gwangwani biyu take aunawa,
wata tara da ƙona gawar mijinta.
Wannan ba ya cikin darasi.

Damina ta sauka, muka rufe ramin da buhun algarara.
Da asuba tururi na fita ta saƙarsa
kamar wani na barci a ciki.
Tsutsotsi suka zo ba takardar gayyata.
Injiniya ya daina rubutu, ya sayi cebur.

Kwana arba'in da biyar.
Na tankaɗe shi a rariyar waya,
baƙi wuluk, laushi kamar gari,
ƙamshin ƙasa ran ruwan farko.
Komai nisan jifa, ka ga inda ya faɗo.

Ita ce ta fara saukowa, da tukunyar shuka
mai ɗoɗɗoya biyu da suka yi yaushi.
Ba ta toshe hanci ba.
Ta duba ko akwai ludayi, babu,
sai ta sa hannu.
"Da ɗumi," ta ce.

Saura kaɗan in ce mata:
shinkafarki ce, uwar ɗaki, rabonsa ne,
ga shi ya dawo.
Na haɗiye.
Na ƙara mata tafi ɗaya,
na nuna mata gefen ramin,
inda wani tumatir da ba wanda ya shuka
ya fito da ganye huɗu,
yana tsaye abinsa
ba tare da izinin hukuma ba.