Itacen Wawa

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin motocin mutane
a Magazin ɗin Suame,
baƙin mai a farce, tsatsa a maƙogwaro.
Da na ajiye sifana ban ƙara ɗaki a Aboabo ba,
kurmi na saya, eka uku da 'yan kai,
can bayan Ejisu, inda kwalta ta gaji ta tsaya.

Nana ya karɓi kuɗin gaisuwa,
safiyo ya kafa duwatsu huɗu,
ɗaya tuni gara ta haɗiye shi.

Ƙanena Tanimu ya dubi takarda, ya dube ni:
"Yaya, sauro ka saya da kuɗinka?"
Ya tambayi sunan dogon itacen can.
Ɗan garin ya ce, wawa.
Tanimu ya yi dariya har da zama:
"To, kun ga juna."

Asabar muke zuwa, adda biyu, fulas ɗin koko.
Ladidi na tsintar naman kaza a gefen zane,
jikana Sanda ya dasa goro tara,
bakwai sun kama.
Masu haƙar zinariya sun zo sau biyu da jaka,
na ba su ruwa, na nuna musu hanya.

An ce sai shekara bakwai goro ke 'ya'ya.
Likita bai yi mini alƙawarin bakwai ba.

Jiya Tanimu ya biyo mu ba gayya,
ya shimfiɗa tabarma a gindin wawa,
ya yi barci har la'asar ta kusa kuɓuce masa.