Dashen Tumba

Ana cewa kainuwa dashen Allah ce.
Ta tsakar gidana kam, ni ne shaida,
Tumba ta dasa ta.
Ran kasuwar Yawuri ta tsinto ta a bakin kwata,
ta ƙunso ta a gefen mayafi tana ɗiga,
ta ce, "Dubi fure, sai ka ce daga marina ya fito,"
ta jawo randar nan mai karyayyen baki ta cika da ruwa.

Ba irin tamu ta dā ba ce, mai lafewa kamar tafin hannu.
Wannan baƙuwa ce, mai kumburin wuya,
ganye na sheƙi kamar an shafe shi da man shanu.
Damina uku tana nan gindin zogale,
tsakanin yakuwa da barkono
da tumatirin da bai taɓa yin abin kirki ba.
Tumba ta rasu da kaka.
Randar ba ta sami labari ba,
ta ci gaba da furewa.

Sai ga mai shela ran Laraba, bayan la'asar:
Mai unguwa na gaishe ku, Sarkin Ruwa na gaishe ku.
Duk mai baƙuwar ciyawa a randa, a daro, a tsohuwar taya,
kwana bakwai ya cire, ya shanya, ya ƙone.
Kar a watsa a lambatu, kar a kai juji,
ruwan sama ɗaya ya isa ya raka ta kogi.
Wanda ya ƙi, tara dubu biyar,
da yini guda a gaɓa yana jawowa.

Ba ni za a ba labarinta ba.
Shekara talatin ina tuƙi a Kwara.
Na san yadda take naɗe farfela har inji ya yi tari ya mutu.
Na kwana tsakiyar ruwa da mutum sha takwas
da buhunan albasa arba'in,
muna sara da adda, tana rufewa a bayanmu.
Na ga tarun Nomau ya fito da nauyin da ya sa shi murna,
aka zazzage, ko ƙarfasa ɗaya babu.
Sauro ya yi gari a ƙarƙashinta,
mata sun bar wanki a mashaya don abin da ke ja da ciki.
Duk na sani. Ba na musawa.

To amma wannan ta randa, wa ta tare wa hanya?

Rana ta shida duba-gari ya yi sallama.
Arzika ne, yaron da na sha ƙetarwa kyauta
yana rungume da jakar makaranta.
Ya durƙusa ya gaishe ni,
littafin rasit na leƙe daga aljihu, bai taɓa shi ba.
Ya ce, "Baba, yau randa ɗaya ce."
Na ce, "Na sani."
Ya ce, "Ta kogin ma a hannun wani ta zo, don kyau."
Na ce, "Sha ruwa."

Da asuba na nutsa hannu har gwiwa.
Saiwar ta biyo ni, baƙa, doguwa, da sanyi,
kamar gashin da aka tsefe ba a kai ga kitso ba.
Na daɗe a tsaye.
Sannan na baza ta bisa kwanon ɗaki,
rana ta yi kwana uku tana aikinta.
Ashana ɗaya ta ci.
Tokar ba ta cika gwangwanin madara ba,
na barbaɗa wa tumatirin nan mara kirki,
ko zai ji kunya.

Arzika ya ce irinta na iya barci a laka shekaru,
in kankare gindin randar, in kife ta.
Na kankare.
Kifewar ce dai ban yi ba tukuna.
Kullum in na dawo masallaci sai na leƙa,
ban sani ba, gadi nake yi
ko jiran dawowa.