Abin da Wuƙar Arzika ta Faɗa Mini

Ran Laraba na ja rago zuwa Acida,
Uda ne, gaba baƙi wuluk, baya fari tas,
ƙaho ya murɗe sau biyu, kunnuwa na reto.
Dillalai suka taso kamar an watsa wa kaji tsaba.
Ni ko ina tafe ina hura hanci:
ga uban garkena, shekara huɗu cur.

Arzika mahauci bai dubi ƙaho ba.
Tafi ya aza a gadon baya,
ya matsa gindin wutsiya, ya lalubi awazu,
ya biya, ya ce, "Nomau, taho rumfa da asuba
ka ga mi kake kiwo."

Na je. An feɗe, an rataye.
Ashe tsayin nan ƙashi ne,
cikin nan tumbi ne da hanji.
Cinya kamar ta mai jinya,
kitse ya dunƙule kan ƙoda shi kaɗai
ya bar tsoka ta zama igiyar guga.

Dab da shi ga wani a ƙugiya,
na tsohuwa Inno ta bakin fadama,
wanda ko a hanya ba zan waiwaya ba:
gajere, ƙahonsa bai kai yatsa ba.
Amma baya ya baje, cinya ta cika hannu biyu,
farin kitse ya ratsa jan nama siri-siri
kamar zare a saƙi.
Sikeli ba shi da kunya.
Kilo uku ya ɗara nawa.

Da la'asar ina ƙofar Inno
da goro, ina roƙon aron uban ragon.
Ta yi dariya har ta tuma da tari,
ta ce in maido shi da buhun kowa.

Wata biyar tumaki na ɗauke da amsa.
Harawa, dusa, ɗan jiƙon kanwa,
Modi ɗana na rubutawa a tsohon littafin lissafi:
wace ta haifi wane, wa ya cika, wa ya tsaya.

Ga inda abin ke ci mini rai:
wuƙa ba ta ƙarya,
sai dai ran da ta yabi rago
ya riga ya bar barbara.
Don haka in ta yabi wa, ƙane nake ɗaurewa,
in ta kushe ɗa, uban ya kama hanyar kasuwa.

Yau damina ta shida.
Maƙwabta na cewa garken Nomau ba kwarjini.
Ban tanka ba.
Jiya Arzika ya yanko balangu daga ɗan jikan aron nan,
ya tauna, ya tauna, bai nemi tsinken sakace ba,
ya lashe yatsa, ya dubi ƙasa,
ya ce, "Irin wanga, saura nawa gida?"