Kwana Uku-Uku

Littafin ɗaya ne, mu tara.
Kwana uku-uku yake yi a hannun kowa,
baƙon da ya san lokacin tashi.
Ni ne sabon shiga, ni ne wutsiyar layi.
Ranar Laraba ya iso garejina
cikin ledar burodi, a bayan kabu-kabun Kyari.

Sau biyu na wanke hannu.
Baƙin mai ya ce ƙarƙashin farce gidansa ne.

Tun ban ga fuskokinsu ba na fara saninsu.
Shafi na sha bakwai, zoben gindin kofin shayi.
Can gaba wani ya ja layi ƙarƙashin "ba komai",
ya danna har takarda ta huje.
Inda uban ya kwanta ciwo
wata ta manta takardar sayen magani,
na ce, nan ta ajiye ta fita shan iska.

Rabona da dogon karatu tun lakwal.
Yatsa na gaba, leɓe na biye,
yaran gareji na zunguren juna.
Dare na biyu kuran ya tafi,
na ƙarasa babin da hasken salula.
Dare na uku barci ya yi mini kayen kokawa,
saura shafi arba'in.

Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar,
gidan Malama Falmata a Birni,
gab da dutsen nan mai zaman raƙumi.
Tabarma biyu, kujera ɗaya
ta Mushe Tasi'u, saboda gwiwarsa.
Na zauna bakin ƙofa wajen takalma,
in ruwa ya fi ƙarfina in sulale.

Kan direban labarin aka kaure,
wanda bai zo ba sai da aka rufe ubansa.
Barira ta ce matsoraci ne, kar a shafa masa mai.
Mushe ya ce aljihu ne ya ɗaure ƙafarsa.
Kyari ya ce ku bari, hanya ma tana riƙe mutum.
Mutumin da ko inuwa bai da ita a Damagaram,
ga shi ya hana shayi zagayawa,
har mai garuwa ya yi sallama uku ba a ji ba.

Sai Malama ta juyo: Ilu, kai fa?

Na ce ban gama ba.
Barira ta ce watan jiya ita rabi ta yi.

Na ce to, marubucin nan bai taɓa kwance inji ba.
Motar da ya kashe a hanyar Tanut,
ba haka mota ke mutuwa ba.
Tari take fara yi, ta ja, ta saki,
ta gaya maka tun da nisa.
Aka yi dariya, Mushe ya rubuta a tafin hannu.

Amma, na ce, inda yaron ya ƙi shiga ɗaki,
ya zauna tsakar gida da akwatin tsohon,
yana goge sufanu ɗaya bayan ɗaya
alhali ba tsatsa a jikinsu,
wannan ya sani.
Wannan ba a jin sa a bakin wani.

Nan muryata ta yi irin ta motar.
Ba wanda ya cika mini maganar.
Falmata ta miƙo kofi na biyu, mai zaƙin,
wani ya gyara mini wuri a tsakiyar tabarma.

Da aka kira magariba suka haɗa baki:
ba mai gaya mini ƙarshen.
Ka ƙara kwana uku, ka kawo shi da kanka.

A gida na buɗe inda na tsaya.
Gefen shafin, ƙasa kaɗan da layin mai huda takarda,
ga babban yatsana, baƙi ƙirin,
kowane zane ya fito.
Na ɗauko tsumma.
Na mayar da shi aljihu.