Maburgin Nighat

Ƙarfe biyun rana a Multan,
ko hankaka ya kama bakinsa.
Kwalta na narkewa a bakin lungu,
inuwar bango ta rame ta koma zare.
Sumbul ta dawo daga makaranta,
ta yar da jaka, ta baje a kan siminti,
ta ce, "Kaka, lassi."
Kalma ɗaya, kamar mai bin bashi.

Na sauko da kaskon kindirmo
da na sa wa iri tun daren jiya.
Ya kama, har cokali ya tsaya a ciki da ƙafarsa.
Ga mangwaro uku, 'yan Caunsa.
Alla Ditta ya rantse yana shafa gemu
cewa daga gonar ƙaninsa suke, a gaɓar Canab.
Biyu sun gaskata shi.
Na ukun ya yi tabo a gefe,
na yanke tabon, na yafe wa mai gemu.

Ina ferewa, ruwan na bin hannuna har gwiwa.
Sumbul ta karɓe ƙwallon tana tsotsa,
wai ladan jira.

Na zuba komai a bilenda,
na fasa ƙanƙara da gindin ludayi,
na danna.
Ya yi gurnani sau ɗaya, ya yi shiru.
Fanka ta yi juyi uku na sallama.
An ɗauke wuta.

A bayan garwar shinkafa na same shi,
inda ta jingine shi da kanta:
maburgin Nighat.
Wata goma sha ɗaya ban ko kalli wajen ba.
Tafin hannunta ya cinye tsakiyar icen,
ya yi sulɓi, ya yi ƙugu.
Shekara arba'in da ɗaya ina shan abu,
ban taɓa tambayar yadda ake yin sa ba.

Na juye a tukunya, na murza.
Ya fantsama a rigata, a bango, a gilashin idona.
"Ba haka take yi ba," in ji Sumbul.
"Karkata tukunyar take yi,
kuma tana yi tana yi maka faɗa."
Na ce, "To, yi min faɗan."

Ta riƙe ƙugu, ta tsuke baki:
"Baban Jawed! Wa ka bar wa takalmi a ƙofa?
Baban Jawed! Ka sha maganinka, ko sai na zo?"
Ban san lokacin da hannuna ya kama ba.
Gaba, baya, gaba, baya,
fari na haɗiye rawaya,
rawaya na haɗiye fari,
har kumfa ta taso tana leƙen bakin tukunya.

Saura zaƙi.
Na ɗauko gwangwanin da aka rubuta wa "sukari",
na auna cokali guda, na ɗanɗana.
Gishiri!
Tun ranar da likita ya hana ni,
ashe ta sauya musu gida.
Ta tafi, amma tarkonta na nan ɗane,
ya jira ni wata goma sha ɗaya, ya kama.

Na yi dariya har sai da na zauna.
Sauran kuwa, na ce wa Sumbul ƙanƙara ce ta shige min ido.

Muka sha a kofunan ƙarfe masu raɓa a jiki.
Da guda-guda a ciki, da zaren mangwaro a haƙori,
gishirin ya fito da zaƙin fili,
kamar yadda faɗanta ke yi.

Can sai wuta ta dawo.
Bilenda, da na manta ban kashe ba,
ya hau ihu shi kaɗai, yana niƙa iska.
Sumbul, da farin gashin baki na kumfa,
ta dube shi, ta dube ni,
ta miƙo kofi.