Mai Ƙirga Shiru

Yayana Ɗalhatu, ɗan Sali maƙerin farfaru.
A bayan kasuwar Garwa aka haife mu,
inda guduma ke gai da uwar maƙera tun asuba.
Ni hayaniya nake ji, shi magana yake ji.
Yana ɗan shekara shida ya ƙwanƙwasa tukunya,
ya ce, "Baba, wannan ƙarya take yi, da tsaga a cikinta."
Aka duba. Akwai.

Ya tafi Yawunde da wando biyu, da sanduna biyu,
badujalar 'yan sanda ta rataya masa ƙaramar ganga.
Daga can jirgi ya kai shi ƙasar da rana ke rowa,
inda makaɗa saba'in ke zama cikin baƙar kwat,
kowa da takarda a gabansa kamar ranar jarrabawa.

Ya rubuto mini: "Azumi, kin san aikina?
Ina can ƙurya, bayan masu goge, bayan masu busa,
tambura huɗu na jan ƙarfe sun kewaye ni
kamar tukwanen gidan suna.
Yawanci ba kiɗa nake ba. Ƙirga nake.
Ɗari da sha tara, ɗari da ashirin,
sannan in ɗaga hannu, in sauke sau ɗaya.
In na makara da ƙiftawar ido
ginin mutum saba'in a kaina zai rushe."

Na karanta wa Baba, ya yi dariya har da tari.
Can kuma ya natsu, ya ce, "Ai ƙira ke nan.
Ƙarfe ba ya jin mai yawan duka,
wanda ya san lokacin ja yake ji."

Bayan shekara talatin da ɗaya ya dawo
da furfura, da kunnen hagu da ya daina aiki,
da akwatin takardu masu layi biyar-biyar,
ɗige-ɗige a kansu kamar tururuwa ta bi saƙar tabarma.
Ya ce shi ya tsara, ya sa masa suna Binuwai Kafin Ruwa.

A ciki kalangu yana musu da tambarin Turawa,
ƙwarya a kife tana gunaguni cikin baho,
ga tsohon birkin motar auduga,
ga gudumar Baba da na ɓoye tun ranar rasuwarsa.
Kiɗan ba ya jan kowa rawa.
Tafiya yake irin ta jaki da kaya a kan gada:
uku, uku, biyu, sai ya tsaya ya yi tunani.
Masu son cashewa suka ce ba gishiri.
Ya ce gishirin yana cikin jira.

Daren da aka kaɗa, a tsohon siton auduga ne,
zafin Afrilu ya liƙa mana riguna a baya.
Yara sha huɗu da ya koyar suka jeru,
har da 'yar mai kifi, Dudu, a kan tambura.
Kiɗa ya cika, ya tumbatsa, kwanon rufi yana rawa,
sai komai ya ɗauke.
Wasu suka soma tafi, ya ɗaga tafin hannu.
Muka yi tsit.
Na ji kukan sauro. Na ji awarwarona.
Daga can ƙasan kogi wata dorina ta yi gurnani,
shi kuwa leɓensa na motsi, na motsi,
sannan ya sauke gudumar.
Sau ɗaya.
Wallahi na ji Baba ya buɗe maƙera.

Yanzu hannunsa na karkarwa, ko kofin shayi ni ke riƙe masa.
Da la'asar yakan zauna gindin darbejiya,
ido a lumshe, leɓe na motsi.
Masu wucewa su ce, "Malam na lazimi."
Wataƙila. Amma na ga yatsansa a kan gwiwa,
na san ƙirgar nan tun daga wasiƙa.
Ban tambaye shi saura nawa ba.